Ku Tambayi Malama: Wai wa ya yanka mana dogon hutu a tsakiyar damina?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda aka shiga dogon hutu saƙonnin da ke shigo min kusan duk zancen ɗaya ne, hutun nan ya yi tsawo, hutun nan bai zo a lokacin da ya kamata ba, makaranta ta ce a kawo kuɗin lesin. Na tsinci guda biyar, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili, sunaye kuma kamar kullum ba ma sakawa.

TAMBAYA: Malama barka da aiki, ya ɗawainiya. Ni uwa ce daga Sakkwato, yarana uku suna firamare. Dan Allah wa ya tsara hutun makarantar nan ne? Watan Maris da Mayu rana kamar za ta dafa mutum amma yara na cikin aji, ɗaya da rabi za su shigo min gida leɓe a bushe ido ya yi ja, autata har haɓo take yi, ɗan hutun Afrilun kuma kafin ka ce kwabo ya ƙare. Sai yanzu da gari ya yi luf ruwa na sauka sannan aka sallamo su wai sati bakwai. Na yi wa babansu magana ya ce ai saboda noma ne. To mu da ko gona ba mu da ita fa?

AMSA: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Maganar maigidanki ita kowa ke faɗa, nima da ita na tashi, sai da aka tura ni koyarwa ƙauye na ga ba ta zauna daidai ba. Ki lissafa da kanki. Ruwan shuka a yawancin ƙasar Hausa ƙarshen Mayu zuwa Yuni yake sauka, noman firi ya biyo baya, lokacin ne manomi ke neman hannu ido rufe, a lokacin kuwa yara na tsakiyar zango na uku ana shirin jarabawar canjin aji. Kafin a ba da hutu a ƙarshen Yuli an gama shuka an yi firi, sai dai maimai. Sannan a koma aji a Satumba daidai gero ya nuna an fara gasa tumu, ga gyaɗa ga wake ga dawa duk suna tafe. In da don manomi aka yanka hutun nan wallahi da ba a nan aka sa wuƙar ba.

Watannin aro ne. A Ingila ƙarshen Yuli ake rufe makaranta, a yi sati shida, a koma farkon Satumba, don a can lokacin ne gari ke yin ɗumi rana ta daɗe ba ta faɗi ba, mutane su kwashi iyali su tafi yawon shan iska. 'Yan jaridarmu suna fassara shi da hutun bazara, to a nan ruɗanin yake, bazararsu Yuni zuwa Agusta ce tamu kuwa Maris zuwa Mayu, su suna hutawa a zafinsu mu muna hutawa a markarmu.

Ko a Amurka da hutun ke kai sati 10 zuwa 11, su ma haka suke gaya wa 'ya'yansu wai gadon noma ne, amma masu bin tarihin makarantunsu sun nuna a ƙarni na 19 makarantun ƙauye a buɗe suke a lokacin zafi da lokacin sanyi, ana rufewa ne lokacin shuka da lokacin girbi. Na birni kuma kusan shekara suke zagayewa, a 1842 makarantun New York kwana 248 suke a buɗe. Zafin birane ne ya kore su, babu fanka babu komai, masu hali na ɗebe 'ya'yansu suna barin gari, likitoci da masu gyaran ilimi na cewa ana wahalar da yara, da haka aka haɗa tsarin birni da na ƙauye aka tsaya a wajen kwana 180 da suke yi yanzu. Kin ga kenan zafi suka guda, irin wanda kike kuka da shi.

Kuma kar ki ɗauka tun fil'azal haka muke. Iyayenmu da suka yi boko kafin 1973 a Janairu suke shiga sabon aji su gama a Disamba, a 1973 ne zamanin Gowon aka juya shekarar karatu ta koma farawa a Satumba. Zamanin Babangida an sake mayar da ita Janairu na 'yan shekaru, aka kuma dawowa Satumba. Abin da aka juya har sau uku ai ba saukakke ba ne, mutane ne suka zauna suka rubuta.

Indiya fa ita ma Ingila ce ta mulke ta, amma dogon hutunsu a Mayu da Yuni yake faɗawa, a kudancin ƙasar ma tun Afrilu, wato tsakiyar zafinsu, sai damina ta kawo kai sannan yara su koma aji. Sudan ta Kudu kuwa a Maris ɗin 2024 sai da gwamnati ta rufe makarantu gaba ɗaya saboda zafi.

Na taɓa riƙe aji mai yara sama da tamanin, rufin kwano babu silin, taga biyu ɗaya a kafe take. In aka dawo daga tara a watan Mayu karatu ya ƙare sai dai a yi zaman jiran tashi, randar da muka ajiye a lungu kafin sha ɗaya an kai ƙasanta, za ka ga yaro ya kifa kai a benci littafin ya jiƙe da gumi. Wata rana ina tsaye a allo wata yarinya 'yar aji uku ta sulale ta faɗi, da hijabinta muka jiƙa muka dinga goga mata a wuya har ta buɗe ido, abin da ta fara ce min shi ne Malama kar a gaya wa Inna za ta hana ni zuwa. Har yau in Maris ya kama sai na tuna fuskarta. Ga shi watannin nan ne sanƙarau da ƙyanda suka fi yawo, mu kuma mu cusa yara a ɗaki ɗaya numfashi na dukan numfashi.

Ni dai abin da nake gani, a gutsuro sati biyu ko uku daga hutun Agusta a ƙara a na Afrilu ya zama wata guda cur ko fiye, sannan a Maris da Mayu a shiga aji bakwai na safe a tashi sha biyu. Na san za a ce WAEC a Mayu da Yuni ake yi, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, ba za a sallami 'yan ajin ƙarshe ba. Gaskiya ne, su sai su zauna su yi bita da sassafe. Amma autarki ba WAEC za ta zana ba. Kafin a kai ga haka ki ba su gorar ruwa kowa da tasa, ki kuma haɗa kai da sauran iyaye ku je wajen hedimasta kan lokacin tashi a watannin zafi, in kun je ku da yawa za a saurare ku.

TAMBAYA: Malama ina gaisuwa. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a Jigawa. Duk shekara in muka dawo a Satumba rajista na nuna yara saba'in amma da ƙyar ashirin ke zuwa, sauran suna gona, wasu korar tsuntsu wasu yankan riɗi, matan kuma roron wake, ba sa cika aji sai kaka ta kusa wucewa. Masu duba makarantu in sun zo ni suke wa faɗa. Na je gida gida har na gaji, wani uban ya ce min Malam in ya zo makaranta kai za ka ciyar da mu? Ya zan yi?

AMSA: Malam Allah ya saka maka da alheri, wannan yawon gida gida da kake yi ba kowa ke yinsa ba. Uban nan kar ka riƙe shi a rai, abincin shekara yake magana a kai, riɗi in ya nuna aka bar shi zubewa yake yi, jan-baki in suka sauka a gonar gero ba sa jiran a tashi daga makaranta. Ba ƙin boko ya sa shi faɗar haka ba, kalandar ce ta zo ta tsaya a kan hanyar rumbunsa, kuma duk ranar da aka sa talaka ya zaɓa tsakanin rumbu da aji kai ma ka san wanda zai ɗauka.

Abin da ke min ciwo, zangon farko shi ne ginshiƙi, a nan ake koya wa ɗan aji ɗaya riƙe fensir da baƙaƙe, yaron da ya zo a Nuwamba an riga an wuce shi, a haka za a dinga tura shi gaba har ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba, a ce ai daƙiƙi ne alhali sati takwas aka ci masa tun ranar farko.

Kalandar firamare da sakandare ba daga Abuja take saukowa ba, kowace jiha ma'aikatar iliminta ce ke fitar da tata, shi ya sa za ka ga Kano ta koma yau Kaduna sai wani satin. Kuma sassauta lokaci don sana'ar iyaye ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, dalilinta kenan, a kai wa ɗan makiyayi da ɗan masunci karatu a yanayin da zai iya ɗauka. Ɗan manomi ma ya cancanci a duba shi. Ku zauna kai da hedimasta da maigari da liman da kwamitin iyaye, ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku nemi a sati shidan girbi a ba ku dama ku juya lokaci, ko a shigo da sassafe a tashi goma ko a yi na yamma bayan la'asar, duk wanda iyayen suka ce ya fi musu. Ka riƙe rajistarka da gaskiya kar ka cike wa wanda bai zo ba don gudun faɗa, ita ce shaidarka in an zauna. Tsangaya ta daɗe da gane wannan, da damina malam da almajiransa suna gona, karatu da asuba da dare a gindin wuta, in rani ya yi a ɗau allo a tafi cirani.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malama, daga Maraɗi ne. Mu nan Nijar bakans ɗin yaranmu na kai wata uku, a rufe lakwal ƙarshen Yuni ko cikin Yuli sai Oktoba, amma 'yan'uwanmu na Katsina da ke nan kusa Satumba sun koma. Ɗiyata har tambayata take mi ya sa. Wane ya fi tsakanin namu da nasu?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, a gaishe da mutanen Katsinar Maraɗi. Naku daga Faransa ya zo, a can ma da ranar 1 ga Oktoba ake komawa, daga tsakiyar Yuli har ƙarshen Satumba yara na gida lokacin girbi da tsinkar inabi, haka suke har ƙarshen shekarun 1950. Su yanzu sun dawo farkon Satumba hutunsu wajen sati takwas, ku kuka ci gaba da Oktoba.

In don dacewa da damina ne naku ya fi namu, ya rufe marka gaba ɗaya ya kuma taɓa farkon girbin gero. Ga kuma azuzuwan zana, su ai ba a zama cikinsu ruwa na zuba, ba a kuma kafa su sai an girbe an samu kara, shi ya sa a wasu ƙauyukan ko an ce an koma a Oktoba mushe, wato malami, na nan yana jiran rumfa, ruwan farko kuma na sauka aji ya watse, shekarar karatun sai ta tsuke daga gaba ta tsuke daga baya. Ba sai na tuna miki gobarar Nuwamban 2021 a garinku ba da ta ci ƙananan yara aƙalla 25 a irin waɗannan azuzuwa, bayan ta Yamai a Afrilun shekarar da ta ci 20, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. A 2024 kuma ambaliya ta sa aka ɗage komawa daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata, makarantu wasu sun rushe wasu an zuba waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Inda naku ya gaza shi ne tsawo, wata uku yaro bai ga allo ba, ga karatun da Faransanci ake yi harshen da ba ya ji a gida, mantuwa dole ce. Zafin Afrilu da Mayu kuwa tare muke shansa, yaranku ma a aji yake samunsu.

TAMBAYA: Malama ni uba ne daga Bauchi. Lokacin da aka rufe makarantu saboda azumi 'yata na ajin ƙarshe na sakandare, na ji ba daɗi amma na kasa faɗa kar a ce ina ja da addini. Ke meye ra'ayinki tsakani da Allah?

AMSA: Alhaji ba ja da addini ka yi ba, uba ne kai da ke tunanin jarabawar 'yarsa. A 2025 ne Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi suka rufe makarantu kusan sati biyar, azumi ya kama 1 ga Maris, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi suka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo da Facebook har maganar ta bar kan yara ta koma kan wa ya fi wa. Jihohin sun ce hutun zango na biyu suka matso da shi, kuma in za a yi adalci azumin shekarar a bakin zafi ya faɗo, malamin da ke tsaye a gaban yara tamanin da ƙishirwa shi ma mutum ne.

Tsakani da Allah ni na fi son a rage awanni a kan a rufe ɗungurungum, a shigo da safe a tashi sha ɗaya ko sha biyu, goman ƙarshe a sallami kowa a haɗa da hutun sallah. Saudiyya a 'yan shekarun nan haka take yi, ana karatu a farkon Ramadan da gajeren lokaci, Daular Larabawa ma rage awanni suke yi. In kuma an rufe to a fito a faɗa wa iyaye kwana nawa aka ɗauka kuma a ina za a biya su, a takarda kowane zango sati 12 zuwa 14 ne, iyaye na da haƙƙin su ƙirga. 'Yan ajin ƙarshe kuwa da JAMB da WAEC ke jira bai kamata a bar su haka nan ba ko da an rufe wa kowa.

A tuna kuma azumi ba ya zama wuri ɗaya, duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2011 da 2012 cikin dogon hutu ya faɗo ba wanda ya yi gardama, 2026 tsakiyar Fabrairu, kafin 2030 ya shiga Janairu cikin hunturu. Zafin Afrilu kuwa yana nan inda yake. Rufewar 2025 ta nuna min jiha in ta so juya kalanda a sati ɗaya za ta juya, to don me ba za a juya ta saboda zafi da girbi ba?

TAMBAYA: Anti Malama makarantar kuɗin da yarana ke zuwa a Kaduna sun ce dole kowa ya yi lesin hutu na sati huɗu, kuɗinsa daban, wai in ba haka ba yara za su manta komai. Ga kuɗin sabon zango na tafe ga yunifom ga littattafai. In ban sa su ba na cuce su?

AMSA: Ƙanwata ba ki cuce su ba. Mantuwar gaskiya ce, a 1996 wani masani Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a Amurka suka ga yaro kan dawo daga dogon hutu ya yi asarar kamar karatun wata guda, lissafi ya fi zubewa, a karatun littafi kuma 'ya'yan marasa ƙarfi ne ke ja baya, duk da daga baya wasu masanan sun yi jayayya kan girman asarar. Amma hutunsu ya fi namu tsawo, kuma maganinta ba lallai sai an sake sa yaro yunifom an mayar da shi benci ɗaya da malami ɗaya ba. Ban ce duk lesin banza ne ba, yaron da zai zana jarabawar fita ko wanda kika ga ya yi rauni a wani darasi ki sa shi in da hali, amma kalmar dole ɗin nan ki je ki tambaya a nuna miki inda aka rubuta ta lokacin da kika kawo su.

A gida minti ashirin bayan sallar asuba ya isa, kowa ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi ko da na Hausa ne, babban ya saurari ƙaramin. In za ki aiki yaro shago ki ba shi dubu ɗaya ki ce ya faɗa miki canjinsa kafin ya fita, in kina awon shinkafa ki sa su ƙirga gwangwani nawa ke cika mudu. Islamiyya ta ci gaba yadda take. Wanda ya tasa a kai shi wajen tela ko mai gyaran waya ya zauna ya ga yadda ake neman na kai, in kuma kakanninsu na ƙauye ki tura su ko sati biyu ne su ga yadda gero ke fitar da kai, ki haɗa su da gidan sauro don Agusta ce zazzaɓi na yawo. Saura sati ɗaya a koma ki fara kwantar da su da wuri, ki fito da jakunkuna a kakkaɓe, a gwada takalma tun kasuwa ba ta cika ba.